Tumunin takaba, baka biyu da tazara: tarihin wata gardama a yaren kwamfuta

Mutum ya rasu ya bar dukiyar da aka ƙiyasta ta kai naira 900,000, ana kuma binsa bashin naira 100,000. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin da ke rabon gado ya san jerin da ake bi: a fitar da kuɗin likkafani da hidimar jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya idan akwai, sa'an nan a zo kan magada. A ɗauka an riga an gama da jana'iza, babu kuma wasiyya. Abin da ya rage naira 800,000 ne, tumunin matar kuwa naira 100,000.

To a ce an ba ɗalibi aikin rubuta wannan lissafi a yaren kwamfuta mai suna Python, ya zauna ya rubuta shi yadda ake faɗarsa da baki, dukiya a ɗebe bashi a raba takwas:

tumuni = dukiya - bashi / 8

Kwamfuta ba za ta yi gardama ba. Za ta ce rabon matar naira 887,500 ne, domin a ƙa'idarta rabawa tana gaba da ɗebewa, don haka bashin kaɗai ta raba takwas, ta cire 12,500 daga dukiyar, ta miƙa wa mai takaba kusan komai. Maganin abin shi ne baka biyu: (dukiya - bashi) / 8. Da ɗalibin zai yi dabara ya matse kalmomin biyu na farko, ya rubuta dukiya-bashi / 8, da idon mai duba aikinsa ya ga kamar an haɗa su wuri ɗaya, alhali amsar tana nan 887,500. Baka biyu umarni ne ga na'ura. Tazara kuwa, a yawancin yarukan kwamfuta, ishara ce ga idon mutum kawai. Mafi yawan ɓarnar da ke cikin wannan tarihi ta auku ne a inda ido ya karanta wani abu, na'ura ta karanta wani.

Batun ya matso kusa da gida. A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Tun kafin nan, a farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, an buɗe cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure, garin da yake da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu. Matasan Babura da Roni da Gwiwa da ke shiga waɗannan makarantu za a miƙa musu dokoki tun daga makon farko: ka bar tazara ɗaya kafin alamar daidai da bayanta, kada ka bar tazara bayan buɗe baka, kada layi ya wuce haruffa 79. Ana koyar da su kamar haka Allah ya yi su. Kowace daga cikinsu kuwa tana da shekarar haihuwa, wasu ma suna da wanda ya yi nadamar kafa su.

Lissafi ya daɗe ba shi da alama ko ɗaya. Littafin Aljabara da Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajejen shekarar 820 da kalmomi aka yi shi tun daga farko har ƙarshe, kuma wani kaso mai yawa na littafin kan rabon gado da wasiyya yake. A irin wannan rubutu jimla ce ke ɗauke da jerin aiki: a cire kaza, abin da ya saura a raba shi. Kalmar “abin da ya saura” ita ce baka biyun wancan zamani. Malamin Katsina Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, wanda ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai gidaje da jimillar kowane layi ke fitowa daidai, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, bai buƙaci tazara ba shi ma, domin kowace lamba tana da ɗakinta a cikin zane.

Alamomin da ake gani yau sun shigo ne ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani shiri ba. Alamar tarawa da ta ɗebewa sun fara bayyana a bugaggen littafi a 1489, a littafin lissafin 'yan kasuwa na Johannes Widmann da aka buga a Leipzig ta Jamus. Robert Recorde ya kawo alamar daidai a 1557. William Oughtred ya kawo gicciyen ninkawa a 1631, Johann Rahn kuma alamar rabawa mai ɗigo sama da ƙasa a 1659. Baka biyu sun fara leƙowa a littattafan lissafin Italiya tun ƙarni na 16, amma sun yi fiye da shekara ɗari suna zaman 'yan rakiya. Abin da aka fi amfani da shi wajen nuna cewa lambobi tare suke shi ne dogon layi da ake ja a samansu. Gottfried Leibniz ne ya tsaya wa baka biyu, kuma dalilinsa na maɗaba'a ne: layin sama yana wahalar da mai jera haruffan dalma, baka kuwa harafi ne kamar kowane harafi, yana zama a layi ɗaya da sauran. Mujallar Acta Eruditorum ta karɓi tsarinsa a 1708, rubuce-rubucen Leonhard Euler suka ƙarasa yaɗa shi. Ragowar layin saman shi ne rufin da har yau ake gani a kan alamar tushen lamba. Leibniz ɗin dai shi ne ya ƙi jinin gicciyen ninkawa don yana kama da harafin x, ya zaɓi ɗigo a madadinsa.

Jerin fifiko kansa, wanda yaran Nijeriya ke haddacewa da sunan BODMAS, bai kai waɗannan alamomi tsufa ba. An daɗe da yarda cewa ninkawa tana gaba da tarawa, amma har a 1928 masanin tarihin lissafi Florian Cajori yana rubuta cewa ba a daidaita ba kan wadda za a fara yi idan rabawa da ninkawa suka haɗu. Gardamar ba ta mutu ba. A 2019 lissafin 8 ÷ 2(2+2) ya karaɗe Twitter, wasu suna cewa 16, wasu suna cewa 1, kowane ɓangare da hoton na'urar lissafin da ta goyi bayansa. Abin ban sha'awa, Python ba ta shiga wannan rigima. Idan aka rubuta mata 8 / 2(2+2) sai ta ƙi aiki, domin a wurinta baka da ya manne wa abu yana nufin kiran wani aiki ne mai wannan suna, lamba 2 kuwa ba aiki ba ce. Dole mai rubutu ya fito fili ya faɗi abin da yake nufi.

Ita ma tazara tsakanin kalmomi ƙirƙira ce. Girkawa da Rumawa sun shafe ƙarnoni suna rubutu a dunƙule, harafi na bin harafi, mai karatu ya ɗaga murya kunnensa ya raba masa kalmomin. Masu kwafar littattafai a ƙasar Ayalan, a ƙarni na 7 da na 8, su suka fara raba kalmomin Latin a kai a kai, saboda ba harshen uwarsu ba ne, kunnensu ba ya taimakonsu. Baƙo ne ke fara buƙatar tazara.

Hausar boko ta bi ta wannan hanya, kuma tarihinta ne ya fi kowane kusa da abin da masu rubuta manhaja suka fuskanta daga baya. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A wancan lokaci wasu na sa ɗigo a ƙarƙashin harafi don bambanta ɓ da ɗ da ƙ daga 'yan'uwansu, wasu na sa ƴar alama a gefe, kafin haruffa masu ƙugiya su kafu a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar fassara da talifi a Zariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ta kai wannan rubutu gidaje. Amma batun haruffa ya fi sauƙin warwarewa a kan batun raba kalma da haɗa ta. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. An zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, an zauna a Kano a 1972 a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Wanda ya buɗe tsofaffin littattafai zai ga “ya ke” da “su ke” da “ya kan” a rabe, yau kuwa a haɗe ake rubuta su, “za su” da “ya yi” kuma a rabe. Ba don ƙawa aka yi ta waɗannan taruka ba. “Ita ce” daban, “itace” daban. “Ta ce” magana ce, “tace” aikin rariya ne. “Ta fi” yabo ne, “tafi” kora ce. Bahaushe yakan gane abin da ake nufi daga yanayin zance ko da an rubuta ba daidai ba, shi ya sa kurakuran suka cika shafukan sada zumunta ba wanda ya damu. Na'ura ba ta da wannan alfarma.

Yaren Fortran, wanda John Backus da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin IBM a 1957, shi ne na farko da ya yi fice wajen barin injiniya ya rubuta lissafi kusan yadda ya saba a takarda. A kati mai huji ake rubuta shi, kati mai gurabe 80 da IBM ta fito da shi tun 1928, kuma kowane gurbi da aikinsa, kamar gidajen hatimi: biyar na farko na lambar layi, umarni daga na 7 zuwa na 72. Dokar nan ta haruffa 79 jikar wannan kati ce, ko da yake yawancin masu binta ba su taɓa riƙe shi ba. Manhajar da ke fassara Fortran zuwa abin da na'ura ke ganewa, wato tafintarsa, tana da wata dabara wajen fifiko, kamar yadda Donald Knuth ya bayyana daga baya: takan cusa baka ɗaya-ɗaya a gefen alamar ninkawa, biyu-biyu a gefen alamar tarawa, ta rufe jimlar duka da wasu, sai jerin aiki ya fito da kansa. Ashe tun ranar farko fifiko wata hanya ce ta ɓoye bakan da mutum ya ƙi rubutawa.

Sai dai Fortran ya yanke hukuncin cewa tazara ba komai ba ce, a zubar da ita duka kafin a fara karatu. Ga sakamakon. Layin DO 10 I = 1,10 yana nufin a maimaita aiki sau goma. Idan yatsa ya zame aka buga aya a gurbin waƙafi, DO 10 I = 1.10, tafinta zai matse haruffan ya ga wani ma'aji mai suna DO10I da aka ce a zuba wa lamba 1.10, aikin ya gudana sau ɗaya tak, ba tare da ƙorafi ba. An daɗe ana yaɗa cewa wannan kuskure ne ya hallaka kumbon Mariner 1 da Amurka ta harba a ranar 22 ga Yulin 1962, aka tarwatsa shi kafin ya cika minti biyar a sama. Ba shi ba ne. Abin da aka danganta wa laifin shi ne ɗan layin sama da aka manta wajen kwafar wani lissafi da aka rubuta da hannu, wato irin alamar nan da Leibniz ya guje wa.

Rikicin aya da waƙafi ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwar Babura. Hanyar da ta ratsa garin ta nufi Babban Mutum ita ce ke kai mutum Magarya a Nijar, inda makaranta ke bin tsarin Faransa: ɗaya da rabi 1,5 ne, dubu kuma 1 000, da tazara a tsakiya. A wannan gefen iyaka 1.5 ne da 1,000. Takardar ciniki ɗaya tana iya zama abu biyu a hannun mutum biyu masu harshe ɗaya. Shi ya sa manhajar Excel ta Faransanci ke raba abubuwan da ke cikin baka da waƙafi mai ruwa, tun da waƙafi ya riga ya sami wani aikin.

Inda tarihin ya fi armashi shi ne yaren C, wanda Dennis Ritchie ya gina a ɗakunan bincike na Bell a Amurka wajejen 1972. C na farko yana da gajeriyar hanyar cewa a rage wani abu daga ma'aji: x =- 1, wato a ɗebe ɗaya daga x. To amma wanda ya rubuta x=-1 a matse, yana nufin a zuba wa x lambar da ke ƙasa da sifiri da ɗaya, sai ya tarar an yi masa ɗebewa. Tazara guda ce ke raba ma'anonin biyu, kamar “ta ce” da “tace”. A 1976 aka juya alamar ta koma -=, haka kuma take har yau a kusan kowane yare. Wannan an gyara shi da wuri. Akwai wanda ya saura: y/*p a matse, wanda ya kamata ya zama rabawa, C na ɗaukarsa mafarin sharhi ne, sai ya haɗiye duk abin da ya biyo baya. A yaren C++ kuma, har zuwa 2011, dole ne a bar tazara tsakanin alamomin > guda biyu idan suna rufe wani tsari, in ba haka ba a karanta su a matsayin wata alama dabam.

Babban tabon C kuwa yana cikin jerin fifikonsa, mai hawa 15. Alamar & tana kwatanta lambobi biyu ƙwaya da ƙwaya a tsarin sifiri da ɗaya. Wanda yake son sanin ko lamba tana rabuwa biyu ba saura yakan rubuta x & 1 == 0, yana nufin a ciro ƙwayar ƙarshe a duba ko sifiri ce. C kuwa zai fara tambayar ko 1 daidai yake da 0, ya sami a'a, ya haɗa wannan da x, amsa ta fito ƙarya ga kowace lamba a duniya. Dalilin tarihi ne zalla. A yaren B, mahaifin C, alamar & ita ce kuma ke haɗa sharaɗi biyu, “kaza ya tabbata kuma kaza ya tabbata”, don haka ya dace ta zo bayan kwatanci. Da aka ƙirƙiro && don wannan aiki, ya kamata a ɗaga & sama. Ba a ɗaga ba, saboda tsoron ɓata manhajojin da aka riga aka rubuta. Ritchie da kansa ya amsa a maƙalarsa ta tarihin C a 1993 cewa da an gyara a lokacin da ya fi. Manhajojin da aka ji tsoron ɓatawa kuwa ba su taka kara sun karya ba, na 'yan na'urori ne da ake iya ƙirgawa da yatsun hannu ɗaya. Daga C kuskuren ya wuce C++ da Java da JavaScript da PHP, yarukan da rabin intanet ke tafiya a kansu. Python da Go sun gyara nasu. Ɗalibin da ya koyi Python a shekarar farko ya koma Java a ta biyu zai rubuta layi iri ɗaya, ma'anar ta sauya a ƙarƙashinsa.

Wasu sun nemi kashe matsalar daga tushe. Masanin mantiƙi ɗan ƙasar Folan Jan Łukasiewicz ya nuna a 1924 cewa idan aka sa alama gaban lambobinta ba a buƙatar baka sam, kuma na'urorin lissafi na Hewlett-Packard sun bi juyayyen wannan tsari. John McCarthy ya bi ta ɗaya ƙofar a 1958 da yaren Lisp, inda komai ke cikin baka, babu fifikon da za a haddace, sai dai ido ya gaji da ƙirga su. APL na karantawa daga dama zuwa hagu, Smalltalk daga hagu zuwa dama, har 3 + 4 * 5 ya ba da 35 a wurinsa. Babu ɗayansu da ya rinjayi al'adar aji uku na firamare. Ko cikin masu bin al'adar ma ba a gama daidaitawa ba: a rubuta =-2^2 a Excel a sami 4, a rubuta -2**2 a Python a sami -4.

Tun da yaren ba zai gyaru ba, sai aka koma gyaran marubuta. Littafin C na Brian Kernighan da Ritchie na 1978 ya ba da shawara mai sassauci, cewa mutum ya zaɓi salo ɗaya ya riƙe shi, ya kuma bar tazara a gefen alamomi don a ga yadda abubuwa suka haɗu. Sassaucin bai hana ƙungiyanci ba. Masu aikin GNU suna barin tazara tsakanin sunan aiki da bakansa, masu aikin Linux ba sa bari. Linus Torvalds ya sanar da Linux a ranar 25 ga Agustan 1991, kwana biyu kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa, kuma takardar salon da ya rubuta wa masu taya shi aiki ta buɗe ne da yi wa salon GNU ba'a. Masu ƙera motoci a Ingila, da suka ga rayuka sun fara rataya a kan manhaja, sun fitar da ƙa'idojin MISRA a 1998, cikinsu har da cewa kada a dogara da jerin fifikon C, a rubuta baka.

Takardar da ɗaliban yau suka fi cin karo da ita ita ce PEP 8, wadda Guido van Rossum, mai yaren Python, da Barry Warsaw suka fitar a Yulin 2001. Ta ce a bar tazara ɗaya a kowane gefen alamar daidai da alamomin kwatanci, kada a wuce ɗaya, kada kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya. Sa'an nan ta kawo shawarar da ta fi sauran hikima: idan alamomi masu fifiko dabam-dabam suka haɗu, a matse masu ƙarfi a sassauta masu rauni, a rubuta x*x + y*y. Manufar ita ce tazara ta faɗa wa ido gaskiyar abin da na'ura za ta yi. Da wannan ma'auni layin ɗalibin can na farko zai zama dukiya - bashi/8, kuma ko wanda bai san Python ba zai ga cewa bashin ake rabawa. A 2016 an sake gyara takardar, aka ce idan lissafi ya yi tsawo a karya layi kafin alama, bisa al'adar masu buga littattafan lissafi da Knuth ya bayyana. Maɗaba'a ta sake yin hukunci, shekara ɗari uku bayan Leibniz.

Mai ganin duk wannan tsirfa ce ya dubi abubuwa uku da suka faru. A Nuwamban 2003 wani da ba a gano ba ya cusa layi biyu a wani kwafin manhajar Linux. A ciki akwai current->uid = 0, da alamar daidai ɗaya a inda ido ke tsammanin biyu. Biyu tambaya ce, ko wannan shi ne mai cikakken iko da na'ura. Ɗaya kuwa naɗi ne, an ba shi ikon. An lulluɓe abin da baka biyu tsaf, ya yi kama da aikin mai taka-tsantsan. An kama shi ne don an lura canjin bai biyo ta ƙofar da aka saba ba. A 2011 wata manhaja mai suna Bumblebee ta fita da tazara guda da ta faɗa tsakiyar adireshin fayil, bayan /usr, a cikin umarnin gogewa, sai ta share wa waɗanda suka girka ta babban sashe na na'urarsu. A Fabrairun 2014 kuma Apple ya fitar da gyaran gaggawa ga iPhone, bayan an gano layin goto fail da aka maimaita sau biyu. An tura layin na biyu ciki kamar yana ƙarƙashin sharaɗin da ke samansa, amma da yake ba a kewaye su da baka mai murɗe ba, C ya zartar da shi ko da yaushe, ya tsallake binciken da ke tabbatar da cewa shafin da waya ke magana da shi na gaskiya ne. Python ta kauce wa irin wannan tun 1991 ta hanyar mayar da turin layi ciki doka, abin da ido ya gani shi na'ura ke bi, ko da yake ta yi hakan ne a farkon layi kawai, ba a tsakanin alamomi ba.

Abin da ya kwantar da gardamar a ƙarshe ba hujja ba ce, gajiya ce. Da Google ya fito da yaren Go a Nuwamban 2009, ya haɗo shi da wata ƴar manhaja, gofmt, aikin Robert Griesemer, wadda ke karɓar rubutun kowa ta mayar da shi siffa ɗaya, ba ta kuma tambayar ra'ayin mai shi. Go ya rage hawan fifikon alamomin da ke tsakanin lambobi biyu zuwa 5, gofmt kuma na matse ninkawa ta sassauta tarawa da kanta, don haka ba a iya yi mata ƙaryar tazara. JavaScript ta sami Prettier a 2017, Python ta sami Black a 2018. Abin da Hukumar Harshen Hausa da tarukan Bamako da Kano da Yamai suka nema ta hanyar lallashi da littafin makaranta, masu manhaja sun same shi ta hanyar ƙwace zaɓi daga hannun marubuci. Sai dai ikon waɗannan manhajoji yana da iyaka. Suna gyara tazara, ba sa sanin niyya. Black zai karɓi layin tumunin nan ya daidaita shi ya yi kyau, matar ta tafi da naira 887,500.

Akwai kuma wata alama da tarukan Hausa suka bari a buɗe, wadda za ta sami ɗaliban Babura a teburinsu. Nijar na rubuta ƴ da ƙugiya, Nijeriya ta fi rubuta 'y da alhamza a gaba, ƙasashen biyu kuma na sa alhamza a tsakiyar sunaye irin su Sa'adu da Asma'u. A yaren SQL, wanda ake taskace sunayen ɗalibai da na ma'aikata da na masu ajiya a banki da shi, wannan alama ce ke buɗe zance ta rufe shi, kamar baka. Manhajar da aka rubuta da sakaci za ta ga Sa, ta ɗauka sunan ya ƙare, ta karanta adu a matsayin umarni, ta tsaya. Ta wannan ƙofa ce kuma masu kutse ke cusa nasu umarnin a gurbin suna. Hanyar gyara sananniya ce, a miƙa sunan dabam da umarnin yadda ba za su cuɗanya ba, amma masu gina shafuka da yawa sun zaɓi gajeriyar hanya, suka hana alhamza shiga fom ɗin gaba ɗaya. Shi ya sa Asma'u ke komawa Asmau a takardun hukuma, ƙaramar hukumar 'Yankwashi kuma, maƙwabciyar Kazaure, ke rasa harafinta na farko a jerin sunayen da ke cikin kwamfuta.